Kafin ku bar shi can, ku ce a nuna muku ɗakin kwana

A unguwarmu nan Maraɗi, in yaro ya zarce da shan tramol, shawarar zaure guda ce: a ƙetara da shi Najeriya, akwai malam mai gyaran kangararru. Haka aka yi da ƙanen abokina. Inna ta saida tumakinta biyu ta biya, aka ce kada kowa ya leƙo sai bayan wata shida. Ya dawo da tabon mari a ƙafafu, bai cika sati biyu ba ya koma fada, ya koma ƙwaya.

Ni ban ga laifin Inna ba. Wadda ɗanta ya kwashe mata kwanoni ya saida, duk ƙofar da aka nuna mata za ta bi. Laifinmu ne mu da muke da waya a hannu muka yi shiru. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019: mutum sama da 300, wasu ɗaure da sarƙa. Wata guda bayan nan aka buɗe wani gidan a Daura, nan kusa da mu.

Abin da ba a faɗa wa iyaye shi ne, kwanakin farko su ne masu haɗari. Mai tramol in an yanke masa kwatsam, zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci za su rufe shi. Wanda ya daɗe cikin giya kuwa, yankewar na iya jawo farfaɗiya har ta kashe shi. Wannan aikin lokotoro ne. Addu'a da rubutu a yi, ba wanda ya hana, amma a yi su inda akwai mai auna jini da dare.

Na san in ka ce Pavillon E na babbar likitar Yamai, gida za a ce ɗanmu ba mahaukaci ba ne. To kunya ce ta fi, ko sarƙa? Ku fara da likita mafi kusa, su tura ku gaba.

Duk gidan da za ku bar shi, ku ce a nuna muku inda zai kwana, ku tambayi ranar ziyara, ku tambayi shi kansa ko ya yarda. In suka ce ba a shiga, ku ɗauki kayanku. Ku kuma tambayi me suka tanada don ranar fitowa, domin mai saida ƙwayar yana nan bakin tasha, har bashi yake ba ƙanen abokina.