Kwanan Atina Kafin Shiga Jirgin Ruwa

Wata uwa daga wajen Kafanchan ta rubuto mana wasiƙa a watan jiya. Ta ce maigidanta ya huta daga aikin koyarwa bayan shekara 35, 'ya'yansu kuwa sun haɗa kuɗi domin su aike su su biyu ziyarar wuraren da Manzo Bulus ya bi. Za su shiga jirgin ruwa a ƙasar Girka, ya kai su tsibirin Batmusa da Afisa da Karita, sa'an nan ya komo da su. An riga an biya kuɗin jirgin ruwa, saura na jirgin sama. Abin da ya kawo gardama a gidan shi ne, babban ɗansu ya ce su sauka Atina kwana biyu kafin ranar tashi, maigidan kuwa ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Ga jirgin sama mai sauka da ƙarfe 9 na safe, jirgin ruwa kuwa sai da yamma zai tashi, me za a je yi a otel? Ta tambaye mu wa ke da gaskiya.

Mama, yaron ne ke da gaskiya. Ki bari sai Baba ya ci tuwo ya huta, sa'an nan ki karanta masa wannan shafi a hankali.

Mu da muka saba da tashar mota mun san direba ba ya tashi sai mota ta cika, in ma ka makara ɗan kamasho ya san fuskarka, ya ce a dakata maka. Jirgin ruwa bai san wannan ba. Yana ɗauke da ɗaruruwa ko dubban mutane, an ba shi lokacinsa a bakin tasha, wani jirgin kuma yana jiran wurin. Yawancinsu sukan rufe karɓar fasinja da awa ɗaya ko biyu kafin lokacin da aka rubuta a tikiti. Wanda ya iso bayan wannan, sai ya tsaya da akwatinsa yana kallon ruwa. Kuɗinsa ba a cika mayar masa ba, in kuwa yana so ya cim ma jirgin a tasha ta gaba, daga aljihunsa zai biya.

To, ku duba hanyar da za ta kai ku can. Daga Kano ko Abuja ko Legas babu jirgin sama mai zuwa Atina kai tsaye. Tilas a sake jirgi a wani gari, kamar Alkahira ko Istanbul ko Adis Ababa. Hadari ya tsai da na farko awa uku a Abuja, na biyu ya tafi ya bar ku, sai ku jira na gobe. Ba wani abin mamaki ba ne, kullum ana yi. Mu kanmu ya taɓa faruwa da mu ta wata fuska: mun sauka lafiya, akwatinmu bai sauka ba, an bar shi a inda muka sake jirgi, maganin hawan jini na ɗaya daga cikinmu kuwa yana ciki. Sai washegari da yamma aka kawo shi masaukinmu. Da a ce muna kan teku a lokacin, da akwatin ya yi ta binmu daga tsibiri zuwa tsibiri. Tun daga ran nan magani ba ya rabuwa da jakar hannunmu.

Baba malami ne, saboda haka ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 20 da 21 ya duba yadda Bulus kansa ya yi tafiyar teku. Yana sauri ne domin ya kai Urushalima kafin Fentikos, har ya ƙi ratsewa Afisa don kada ya ɓata lokaci. Duk da haka ya yi kwana bakwai a Taruwasa. A Taya ma, da jirgi ya tsaya sauke kaya, suka nemi masu bi suka zauna da su kwana bakwai. A Kaisariya ya sauka a gidan Filibus mai bishara, kafin ya shiga Urushalima kuma an riga an san gidan da zai kwana, watau na Manason mutumin Kubrus. Ashe mai sauri ne, amma ya bar wa tafiyarsa sarari, kuma bai shiga gari da dare yana tambayar inda zai sa kansa ba.

Yanzu ga yadda wurin yake. Filin jirgin sama na Atina, wanda aka buɗe a 2001, yana gabas da birni, wajen kilomita 30 daga tsakiyarsa. Tashar jiragen ruwa kuwa tana wani gari da ke manne da Atina ta kudu maso yamma, kamar kilomita 10 daga tsakiya. Mutanen ƙasar suna ce masa Fireyas, amma a kan alluna za ku ga an rubuta Piraeus. Watau birnin yana tsakanin filin jirgi da tashar ruwa, tafiyar duka ta fi kilomita 40, da rana kuma motoci sukan cunkushe.

Ina za a kwana? In dare ɗaya kaɗai kuka iya biya, kuma jirginku da yamma zai sauka, ku wuce Fireyas ku kwana kusa da tasha, ku tashi da safe hankali kwance. In kuwa dare biyu ne, kamar yadda yaron ya ce, mu a namu gani tsakiyar Atina ta fi, wajen dandalin Sintagma ko unguwar Monastiraki, gama daga nan ana iya takawa da ƙafa zuwa wuraren da kuka zo gani. Amma kada hoton ɗaki ya ruɗe ku. Waɗansu gidajen tsohuwar unguwa ba su da na'urar hawa bene, matakalarsu kuma ƙunci gare ta. Mutum mai shekara 65 da ciwon gwiwa da akwati biyu ba ya bukatar ɗaki a hawa na uku, kome kyansa. Wanda zai kama muku ɗakin ya rubuta ya tambaya: akwai na'urar hawa? Karin kumallo yana cikin kuɗin? In biza ta makara aka fasa, za a mayar da kuɗi? Ku sani kuma ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana ba, amma in kun iso da safe sukan yarda su ajiye muku kaya. Tun 2024 akwai wani haraji na kowane ɗaki a kowane dare wanda akan karɓa a otel ɗin. Ba zamba ba ce, doka ce, sai ku riƙe 'yan kuɗin yuro a hannu dominsa.

Daga filin jirgi akwai hanya uku. Akwai jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin birni, layi na 3, mai alamar shuɗi. Yana ratsa Sintagma da Monastiraki, tun watan Oktoba na 2022 kuma yana kai wa har Fireyas ba tare da an sake jirgi ba, cikin kamar awa ɗaya. Tikitin filin jirgi dabam yake da na cikin gari, kuma ba ya aiki cikin tsakar dare. Akwai bas mai lamba X95 zuwa Sintagma da X96 zuwa Fireyas, su dare da rana suke yi, sun kuma fi arha. Sa'an nan akwai tasi, masu launin rawaya, waɗanda suke layi a ƙofar fita. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar birni an yanke kuɗinsu, na dare daga ƙarfe 12 zuwa 5 na asuba ya fi na rana. Wanda ya tare ku tun a cikin zaure yana cewa yana da mota, ku gode masa ku wuce layi.

Ga samari masu jaka ɗaya a baya, jirgin ƙasa ya isa. Ga Baba da Mama, bayan dare guda a zaune cikin jirgin sama, mun ce a biya tasi. Masu yankan aljihu sun san baƙo mai gajiya da kaya niƙi-niƙi a cikin cunkoson jirgin ƙasa, fasfo kuwa in ya ɓata a ranar, tafiya ta ƙare ke nan. Abin da aka rage a kuɗin mota bai kai wannan ba.

Akwai tarko ɗaya wanda ya kama mutane da yawa. Mutum ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Fireyas, ya ga teku da manyan jirage a gabansa, ya ce alhamdu lillahi na iso. Bai iso ba. Waɗannan jiragen fito ne masu kai mutane da motoci tsibirai. Tashar tana da girma ƙwarai, ƙofofinta suna da lamba daga E1 zuwa E12, jiragen yawon ziyara irin naku kuwa suna can ƙarshe, wajen E11 da E12, tafiyar da ta kai kilomita 2 ko fiye a bakin titi cikin rana. Can ma zaure ba ɗaya ba ne. Saboda haka ku rubuta sunan jirginku da sunan zauren da ke cikin takardarku da manyan baƙaƙe a kan takarda, ku miƙa wa direba, kada ku dogara ga faɗa da baki. Tun da dare ku roƙi mai tebur a otel ya kira muku tasi na safe, gama wata rana jirage uku ko huɗu suke ɗiban mutane a safiya ɗaya. Ku tambaye shi kuma ko an yi shelar yajin aiki. Ma'aikatan Girka ba su wasa da wannan, musamman ran 1 ga Mayu, lokacin da jiragen fito sukan tsaya, jiragen ƙasa su ma su daina ko su rage aiki. Ana sanarwa tun kafin ranar, mai otel kuwa zai sani.

Maganar biza ma ta shafi wannan kwana. Girka tana cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Shengen. Cikin takardun da ofishin jakadanci yake nema akwai shaidar inda mutum zai kwana, da inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000. Kuɗin bizar kansa yuro 90 ne ga babba tun watan Yuni na 2024, ana kuma iya nema tun da sauran wata shida. Amma ga abin lura. Batmusa, inda Yahaya ya ga wahayi, da Karita duka na Girka ne. Afisa kuwa a Turkiyya take, jirgi yakan tsaya a garin Kusadasi, a ɗauki mutane da mota kamar kilomita 20. In kun taka Turkiyya kun fita Shengen ke nan, komowarku Girka shiga ce ta biyu. Biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, har ana iya hana ku hawa jirgin tun a Fireyas saboda ita. Ku nemi mai shiga da yawa, ku duba da idonku abin da aka buga a fasfo ran da kuka karɓa. Batun takardar shiga Turkiyya kuma a tambayi kamfanin jirgin a rubuce, a ajiye amsarsu.

Ranar da ta rage muku a Atina ba ta banza ba ce. Nan ne Bulus ya zauna yana jiran Sila da Timoti, shi ma baƙo mai jira, har zuciyarsa ta ɓaci da yawan gumakan birnin. Tudun Arasa inda ya yi wa'azinsa yana nan, wani dutse ne a gindin tsohuwar kagarar birnin, ba a biyan kome a hau shi, an kuma kafa allon tagulla mai ɗauke da jawabinsa da harshen Helenanci. Dutsen ya yi santsi saboda ƙafafun mutane, sai ku bi matakalar ƙarfe da aka yi a gefe, Baba ya riƙe hannun Mama. Ku je da sassafe. Kada ku ce mu 'yan ƙasar zafi ne, gama a watan Yuli na 2023 sai da hukuma ta rufe kagarar da tsakar rana saboda tsananin zafi. Ku zauna can ku karanta sura 17 tare. Jirgin ruwa zai kai ku wurare da yawa ana ta kora ku kamar tumaki kuna duban agogo, amma wannan safiya taku ce. In ranar ta faɗo Lahadi, akwai majami'ar Angilikan mai sunan Bulus kusa da Sintagma, wadda aka keɓe a 1843, ana sujada da Turanci. Koranti kuwa tana da nisan kilomita 80, kada kowa ya rinjaye ku zuwa can da safiyar ranar shiga jirgi. Ku bar ta sai kun komo, kada kuma ku sayi tikitin komawa gida mai tashi da safiyar da jirgin ruwa zai tsaya.

Muna da 'yar magana ga 'ya'yan da suka haɗa kuɗin nan. Kun yi abin kirki, Allah ya sa muku albarka. Ziyarar nan ba ta ƙara wa kowa ceto, ba kuwa abin da za a ci bashi dominsa ba ne, amma tun da kun ɗauka, ku ƙarasa. Kada ku biya babban kuɗi ku bar tsofaffi su yi ta kokawa da ƙaramin. Ku biya otel da mota tun daga gida. Ku rubuta musu takarda ɗaya mai sunan otel da titinsa da lambar wayarsa, da lambar kamfanin jirgi ta gaggawa, kowannensu ya riƙe tasa, domin waya tana iya mutuwa. Ku saya musu abin haɗa filogi, gama soket ɗin can mai rami biyu ne zagayayyu, ba irin namu ba. Ku tuna musu su gyara agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Girka tana gaban Nijeriya da awa biyu, sauran watanni da awa ɗaya.

Da safiyar ranar, ku karya kumallo, ku yi addu'a, ku bar otel da wuri yadda za ku kai tasha a farkon lokacin da aka ba ku. A ƙofar zaure za a karɓi manyan akwatuna, wataƙila ba za su iso ɗakinku ba sai yamma. Fasfo, da takardar jirgi, da magani, da tabarau, da Littafi Mai Tsarki su zauna a jakar hannu.

Mama, in kun komo ki sake rubuto mana, ki faɗa mana abin da Baba ya ce a kan Tudun Arasa.