Burus Li nawa ne?

Ran kasuwa na iske yara biyu bakin rijiya suna tsalle, suna harbin iska da ƙafa, wai karate. Ɗaya ya zame, hannu ya karye. Na tambaya, aka ce Burus Li suke kwaikwayo.

To wane Burus Li? Na gaskiya ya rasu a Hon Kon ran 20 ga Yuli 1973, yana da shekara 32. Manyan finafinan faɗa huɗu kaɗai ya kammala. Masu silima suka ga ciniki zai mutu, sai suka samo samari masu kama da shi, suka laƙa musu suna kusa da nasa, suna ta shirya fim da kuɗi kaɗan. A 1978 ma, cikin Game of Death, wasu aka sa madadinsa, har aka manna hoton fuskarsa a madubi.

Wanda kuka ga ya tuma bisa soro, sau da yawa dirowa ya yi, aka juya fim baya. Ƙarar naushi daga baya ake sa ta. In za su faɗi, an shimfiɗa katifa.

Bakin rijiyarmu kuwa siminti ne. Ga damina ta kama, yaron nan ba zai riƙe hauya ba bana, ubansa kuwa tsoho ne.