“A Yi Haƙuri”: Tsokaci a Kan Ƙorafin Baƙo Mai Biyan Kuɗin Masauki

Akwai wata tsohuwar sana'a a ƙasar Hausa wadda ta sake kama a 'yan shekarun nan, har waɗansu suka zaci sabuwa ce, watau saukar da baƙo don a sami abin kai wa bakin salati. A birnin Kano yanzu mutum kan gyara gida ko sashen gida, ya zuba gado da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, sa'an nan ya riƙa ba da shi hayar kwana biyu ko mako guda ga 'yan biki da 'yan kasuwa da waɗanda suka kawo majinyaci asibiti. Mu ma mutanen gabas ba a bar mu a baya ba. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil a 2001, masu ɗakuna a wannan yanki suka gane cewa wurin kwana ma haja ne, kuma ko a garuruwa irin namu na Gafasa, cikin ƙasar Ajingi, mai sayen amfanin gona da kaka ko ma'aikacin da aka turo aikin 'yan kwanaki ba kullum yake sauka a zauren dagaci kamar da ba.

Abin da nake so in yi tsokaci a kansa shi ne abin da kan biyo baya sa'ad da irin wannan baƙo ya buɗe baki ya ce ruwa bai zo ba, ko injin wuta ya mutu da tsakar dare, ko kuwa zanen gadon ba wankakke ba ne. Amsar da ya fi samu ba ta wuce kalmomi uku ba: a yi haƙuri. Ni kuwa a ganina wannan amsa, in dai ita kaɗai ce, cuta ce aka sa mata rigar ladabi.

Don mai karatu ya gane dalilina, sai mu fara rarrabe abubuwa biyu waɗanda kalmar “baƙo” ta haɗa su wuri guda. Na farko shi ne baƙon alheri, wanda ya yi sallama aka yi masa shimfiɗa, aka kawo masa ruwa da tuwo saboda Allah da zumunci, kuma addini ya ba shi haƙƙin liyafa ta kwana uku. Wannan baƙo ba ya ƙorafi. Ko da miya ba ta ji gishiri ba, ko da sauro ya hana shi runtsawa, kara da kunya za su sa da safe ya ce ya kwana lafiya lau, kuma daidai ya yi, gama ba a ƙididdige alheri. Shi ne baƙon da Bahaushe ya kira raɓa.

Na biyu shi ne baƙon fatoma. Fatoma shi ne mutumin da ya mayar da saukar fatake sana'arsa, kuma a zangunan kurmi da na Gwanja an fi kiransa mai gida. Masana biyu sun yi bayanin aikinsa filla-filla: Polly Hill a maƙalarta ta 1966 a kan kasuwar shanu ta Kumasi, da Abner Cohen a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Badun, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Bari mu ɗauki misalin Sabo. Falke ya koro shanunsa daga Arewa, ba ya jin Yarabanci, bai san mahauta ba, bai kuma san wanda zai biya da wanda zai gudu ba. Mai gida ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, shi kuma ya sami nasa rabo daga la'ada. Da yake akasarin cinikin bashi ne, mai gida ne yake tsaya wa mahauci. In mahauci ya kasa biya, falke ba ya bin sa lungu-lungu, wurin mai gidansa yake zuwa, shi kuwa mai gida ya biya daga aljihunsa.

A nan ne nake so malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su ɗan dakata. Ƙorafin falke a wurin mai gida bashi ne wanda ake biya da kuɗi. Ba don masu gida na wancan zamani sun fi na yanzu tsoron Allah ba, ko da yake ba a rasa masu tsoron nasa a cikinsu. Dalili shi ne falke zai koma gida, zai kuma yada zango sau da yawa a hanya, kuma duk inda ya sauka za a tambaye shi wurin wa ya sauka a Badun da yadda suka rabu. Mai gidan da aka ce ya ci amanar baƙo sau ɗaya, sai ya wayi gari ɗakunansa babu kowa. Sunansa shi ne jarinsa, gine-ginen kuwa ƙasa ce kawai. Wanda duk ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya ga ɓurɓushin wannan tsari, gama har yanzu baƙon da ya kawo dabba yakan nemi wanda ya sani ya tsaya masa kafin ya sallama.

To, mai gidan haya na yau yana so ya ci riba biyu. Wajen karɓar kuɗi shi fatoma ne, har ma ya fi fatoma, domin shi tun kafin baƙo ya ga ɗaki yake cewa a turo masa ta banki. Amma da zarar an zo wajen ƙorafi sai ya rikiɗe ya zama mai alheri, ya ɓata rai, ya ce baƙo ba shi da godiya. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, kuma haƙuri da kunya suna cikinsu. Sai dai gaskiya da amana da adalci ma suna ciki, kuma su ne rabon mai masauki a wannan hulɗa. Abin mamaki shi ne yadda muke tuna wa baƙo nasa rabon mu mance da namu. Haƙuri kuwa, in muka lura da yadda ake sarrafa kalmar, bayar da shi ake yi, watau wanda ya yi laifi ya ba da haƙuri bayan ya amsa laifinsa. Wannan “a yi haƙuri” da ake jefa wa baƙo ta waya ba ta da mai aikatawa ko kaɗan, kuma masu nazarin nahawu sun san amfanin wannan “a” ɗin wajen ɓoye wanda ya kamata ya ɗauki nauyi.

Ko ta fuskar shari'a ma haka abin yake. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, ta sanya haya a cikin babin ciniki, kuma a wannan babi aka hana ɓoye aibin haja, aka kuma ba mai saye ikon mayar da abin da ya taras da aibi a cikinsa ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya san famfonsa ya yi mako bai ɗiga ba, ya kuma yi shiru har ya karɓi kuɗi, ya san sunan abin da ya yi.

Na san abin da masu gidaje za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce wutar lantarki ba a hannunsu take ba, ruwan famfo ma haka, man inji kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Gaskiya ne. Amma faɗa wa baƙo tun da farko a hannunsu yake. In aka ce masa, “Alhaji, inji daga magariba ne zuwa sha biyun dare, ruwa kuma 'yan garuwa ne za su kawo da safe,” ya ji ya amince, to babu sauran magana, domin aibin da aka bayyana kafin ciniki ya shiga cikin farashi. In kuma abin da aka yi alkawari ne ya gaza, sai a gyara a daren, in ya ƙi gyaruwa a rage masa kuɗin wannan kwana tun bai tambaya ba. Za su kuma ce akwai baƙin da kan ƙirƙiro ƙorafi ranar tafiya don a mayar musu da kuɗi, ko su fasa abu su ce haka suka same shi. Akwai su, ba musu. Maganinsu tsoho ne: dillali ba ya sallama sa sai an zagaya shi an duba haƙori da kofato a gaban shaidu. Mai gida ya zagaya da baƙonsa ranar sauka, a kunna kowace fitila, a murɗa kowane famfo, a ɗauki hoto da waya.

Turawa ma da suka mayar da wannan sana'a ta intanet, a nan suka ɓulla. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya ba baƙo awa 72 daga lokacin da ya ga matsala ya kai ƙara, ya kuma ba baƙo da mai gida kwana 14 bayan rabuwa kowa ya rubuta shaidarsa a kan ɗan'uwansa, kuma ba a ba mai gida lambar yabo ta ƙwarewa sai makinsa ya kai 4.8 cikin 5. Watau hirar zango ce aka rubuta ta, aka ajiye inda kowa zai karanta.

Sai dai akwai wani abu da ya keɓanta da mu wanda wannan tsari bai hango ba, kuma shi ne ya fi damuna. Bahaushe, ko ya biya kuɗi, sau da yawa ba zai yi ƙorafin ba. Tarbiyyar baƙon alheri ta riga ta zauna masa a jiki, sai ya haɗiye, ya yi godiya, ya tafi, sa'an nan ya je ya hana duk danginsa sauka a gidan. Mai gida yana nan yana murna ba a taɓa kawo masa ƙara ba, bai san an daɗe da yanke masa hukunci ba. Gaisuwarmu kuwa ba ta tono irin wannan, domin amsarta a shirye take tun kafin a yi tambaya, wanda aka ce wa “an tashi lafiya?” ba zai ce a'a ba ko da a tsakar gida ya kwana saboda zafi. Tilas mai gida ya wuce gaisuwa ya kama sunan abu: “Malam, ruwan ya hau banɗaki kuwa?” ko “Hajiya, gidan sauron ya ishi yaran?” Irin wannan tambaya ita ce ke ba mai kunya ƙofar faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya yi rashin kara ba.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai mai gida yana kusa. Fatoma a unguwa ɗaya yake kwana da baƙinsa, in abu ya faru da dare shi ake tasa. Na yanzu yana can wata unguwa, ko wani gari, wayarsa a kashe, ya bar mai gadi wanda ba a ba shi ikon sayen ko galan ɗaya na mai ba, shi ne zai sha faɗan, shi ne kuma zai yi ta maimaita kalmomin nan uku har gari ya waye. In har mai gida ba zai zauna kusa ba, to ya bar wa wakilinsa kuɗi da izinin kashe su.

Akwai kuma ƙorafin da ko an tambaya ba a cika faɗinsa ba, watau wanda ya shafi sirri. Taga marar labule mai kallon titi, ƙofar da ba ta da sakata ta ciki, mai gadi ko mai gyaran wuta da kan faɗo ba sallama alhali iyalin mutum suna ciki. Kamfanin da na ambata sai a 2024 ya hana masu gidaje sanya kyamara a cikin ɗakuna gaba ɗaya. Magidancin da ya zo biki daga Dutse da matarsa da 'ya'yansa mata ba zai tsaya yi wa mai gida bayanin abin da ya sosa masa rai ba, sai dai a ga ya haɗa kaya tun kwanakin da ya biya ba su cika ba, in aka tambaye shi ya ce uzuri ne ya taso masa a gida.