Idan Wanda Muka Aika Ya Komo Da Ciwo

A wannan wata za mu taɓa wata magana wadda ba a cika yinta a gaban jama'a ba, sai a bayan ɗaki. Ekklesiya ta tara kuɗi, ta yi addu'a, ta aiki ɗanta wata ƙasa domin aikin bishara. An raka shi tasha da waƙoƙi. Bayan wata huɗu sai ga shi an komo da shi a kwance, ya rame, ido ya faɗa. Nan fa sai tsegumi ya tashi. Wani ya ce dama ba Allah ne ya kira shi ba. Wata ta ce ko akwai zunubin da ya ɓoye. Ma'aji kuwa bai ce kome ba, amma yana lissafin kuɗin mota a zuci.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ekklesiyar Filibi ta aiki Abafaroditas ya kai wa Manzo Bulus taimako a kurkuku. Da ya isa sai ciwo ya kama shi, har ya kai bakin mutuwa. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne mutanen gida sun ji labarin ciwon. Ku duba Filibiyawa 2:25-30. Bulus ya komar da shi gida, ya kuma haɗa shi da wasiƙa, ya ce a karɓe shi da murna, a girmama irinsu. Me ya sa Bulus ya ga ya wajaba ya rubuta haka? A ganinmu ya san halin mutane ne. Shi Bulus ɗin, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ciwo ne kuma ya zama sanadin wa'azinsa na fari a Galatiya.

Mu da ke wannan ƙasa ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin da yawanmu ta hannun masu ciwo bishara ta iso mana. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin shigowa ƙasar Hausa, wato Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Tun ba a yi nisa ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai aka bar shi a Ikko. Sauran biyun suka yi gaba. Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, cikin 1894. Kent kuma ya rasu a Bida a wannan shekara. Bingham ya koma gida a 1895, ba ekklesiya ko ɗaya, ba mai tuba ko ɗaya, sai kaburbura biyu.

A 1900 ya sāke zuwa. Zazzaɓin nan bai ko bar shi ya wuce Ikko ba, aka sa shi a jirgin ruwa aka mai da shi. Abokan tafiyarsa biyu suka karaya, suka bi bayansa. To, da a ce mu ne dattawan ekklesiyarsa, me za mu ce? Sau biyu ke nan. Amma wannan mutum da jikinsa ya ƙi ƙasarmu shi ne ya zauna can gida yana neman mutane da kuɗi, har aka kafa tasha ta fari a Patigi a 1902. Ya shugabanci mishan ɗin SIM har rasuwarsa a 1942. Daga wannan aiki ne ekklesiyar ECWA ta fito.

Akwai kuma masu cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Ba mu yarda da wannan ba ko kaɗan. A 1841 Turawan Ingila suka hau kogin Kwara da jirage, fiye da 40 daga cikinsu suka mutu, yawancinsu da zazzaɓi. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Samuel Ajayi Crowther yana cikin tafiyoyin nan duka biyu, ya gani da idonsa. Sai a 1897 ne Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar cutar. Allah wanda ya sa Luka likita a cikin abokan tafiyar Bulus, shi ne ya ba mutane wannan sani.

Duk da haka wani ciwon ba a san shi ba sai ya zo. A farkon 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kwanta a asibitin mishan na garin Lassa, aka kawo ta Jos, asibitin da mu ke kira Jankwano, ta rasu. Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta New York, ta sha jinya mai tsawo, ta tashi. Ta wurin jinin matan nan ne masana suka gano cutar da a ke kira zazzaɓin Lassa. A 1970 Likita Jeanette Troup ta kamu tana bakin aiki a Jos, ta rasu. Wa zai iya buɗe baki ya ce wadda ta tashi ta fi waɗanda suka tafi bangaskiya? Ita Pinneo da ta warke, komowa ta yi Nijeriya ta ci gaba da aiki.

Yanzu mu ne masu aikawa. 'Ya'yanmu suna zuwa Nijar da Cadi da wasu ƙasashe masu nisa, wasu na shekaru, wasu na 'yan makonni. Ruwan can ba irin na gida ba ne, abinci ma haka. Kafin a ɗora wa mutum hannu, bari likita ya duba shi. A yi masa allurar shawara da ta sanƙarau, a ba shi gidan sauro, a koya wa iyalinsa tafasa ruwan sha. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya ɓoye don tsoron za a hana shi tafiya. A kuma san asibitin da ya fi kusa da inda za shi, da wanda zai biya kuɗin jinya, tun ciwon bai zo ba. Mun lura kwamiti ya kan kwana yana shawara a kan kuɗin tafiya, amma na komowa ba a ko ambatarsa.

In kuwa ya komo a kwance, kada a tsai da albashinsa. Kada a sa shi tsayawa gaban jama'a ya ba da rahoto tun ƙafarsa ba ta ɗauke shi ba. Mu je gaisuwa, mu riƙe bakinmu, kada mu tambaye shi mutum nawa suka tuba. Zumuntar mata, ku tuna da matarsa. Ita ce ta yi jinya a baƙon wuri inda ba uwa ba ƙanwa, wataƙila ba ta ma jin harshen masu ba da magani, ga yara. Sau da yawa mijin na samun sauƙi, ita kuma sai ta kwanta.