WANDA BA A ƘIDAYA BA, WA ZAI BI MASA HAƘƘI?

Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce a shekarar 2021 kaɗai an kashe mutum 1,192 a jihar, an sace 3,348. To, wannan lissafin bindiga ne. Ina lissafin matar da naƙuda ta kama a Randagi ko Kuyello, hanya ta gagara, ta cika a gida? Ina na yaron da ƙyanda ta kashe don masu rigakafi sun kasa shiga daji?

Alƙaluman lafiya daga rijistar asibiti suke fitowa. Ma'aikaci ya rubuta, a aika ƙaramar hukuma, a aika Kaduna, har Abuja. Idan 'yan bindiga suka kori ma'aikacin, aka rufe ɗakin shan magani, rubutu ya tsaya. A takarda sai ƙauyen ya zama babu mara lafiya, babu mamaci. Da wannan takardar kuwa ake tsara rabon magani da gidan sauro da ma'aikata. Raunanan da suka fi kowa shan wuya su ne suka fi kowa ɓacewa. Zalunci a kan zalunci!

Rashin lissafi yana kisa. A Zamfara, cikin 2010, gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. Sai da likitocin MSF suka lura da yawan mutuwar yara, aka auna jini, sannan aka gane cutar. A 2015 gubar ta kashe yara 28 a Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. A dajin Birnin Gwari ma ana haƙar zinare. Mahukunta su fito su faɗa: jinin yara nawa aka auna a ƙauyukan masu haƙa?

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara. Hanyar da ta buɗe wa shanu ta buɗe wa ma'aikacin lafiya. Wajibi ne a bi mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta haihuwa da mutuwa da abin da ya yi kisan, a buga da Hausa, a liƙa a kasuwa kowa ya gani.

Matasan da suka iya karatu su fara da unguwanninsu, su rubuta, su riƙe shaida. Mai mulki yana iya musanta kuka, amma sunaye da ranaku suna da wuyar musu.