Kasancewar magani na ganye ba ya nufin ba shi da illa

A tashoshin mota da bakin kasuwanni, lasifikar masu magani ba ta yin shiru. Gora ɗaya za a ce tana maganin basir, sanyi, taifot, ciwon suga da hawan jini. Idan ka tambayi illarsa sai a ce maka ai ganye ne da sassaƙe. To, zaƙami ma ganye ne, kuma kowa ya san yadda yake juya ƙwaƙwalwar wanda ya sha shi.

Itatuwa na ɗauke da magani, wannan ba abin musu ba ne. Sinadarin artemisinin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau daga tazargade aka samo shi, kuma saboda wannan aiki masaniyar China Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. A Abuja, cibiyar NIPRD ta haɗa Niprisan na masu sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi kanumfari da masoro. Amma duka biyun sai da aka gwada su, aka auna adadin da za a sha, aka bibiyi illarsu.

Inda aka tsallake gwaji kuwa, an ga sakamako. A 2007 Yahya Jammeh na Gambiya ya ce yana warkar da cutar ƙanjamau da ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu na asibiti, wasunsu suka mutu. A 2020 shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya tallata Covid-Organics, amma binciken NIPRD bai gano hujjar cewa yana warkar da korona ba.

Wasu na kafa hujja da lambar NAFDAC. Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar na nuna an duba ko maganin na da haɗari ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Tsadar asibiti ce ke tura talaka wajen mai lasifika, kuma wannan nauyi ne a wuyan gwamnati. Sai dai mai ciwon suga ko hawan jini da ya bar ƙwayarsa ya koma jiƙo, ƙodarsa da idonsa yake jefawa cikin haɗari, kuma kuɗin wankin ƙoda ya ninka abin da ya guda. Kafin ka sha, ka tambayi abin da ke ciki da wanda ya gwada shi. Idan kuma kana sha, ka faɗa wa likitanka.