Gawar Ukok: a maida ta ƙasa

A 1993 masu tonon tarihi na Rasha, ƙarƙashin Natalia Polosmak, suka buɗe wani kabari a tudun Ukok, cikin duwatsun Altai. Suka tarar da gawar wata mace daga makiyayan Pazirik, wadda ƙanƙara ta adana kusan shekara 2500. Mutanenta sun cire kayan cikinta, sun cusa ciyawa, sun ɗinke, sun sa mata rigar siliki, sun kwantar da ita cikin fafaffen gungume, da dawaki 6 kusa da ita. Haka waɗanda ake kira marasa wayewa suka girmama mamaci.

Masana kuwa suka kwashe ta zuwa Nobosibirsk. Sai a 2012 aka maido ta Gorno-Altaisk, can ma gidan tarihi aka kai ta. Hujjarsu: mutanen Altai na yau ba jikokinta ba ne, kuma kimiyya na bukatarta. To, yaushe mutuncin gawa ya koma sai da shaidar jini? An auna, an ɗauki hoto, an rubuta. Saura a rufe ta, kamar yadda dattawan Altai ke nema. Malamin da ya kawo wannan darasi, ya tambayi ɗalibansa: in kakarsu ce fa?